George Drew na Kanada: daga bakin igwa zuwa magajin gari da majalisar lardi

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda ana ta maganar sojojin da ke tuɓe kaki su shiga siyasa, ga wani misali daga Kanada da ya cancanci a baje shi a faifai. Sunansa George Drew. An haife shi ranar 7 ga Mayu, 1894 a garin Guelph da ke lardin Ontariyo, kimanin kilomita 100 yamma da Toronto. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a matsayin hafsan sojan igwa, aka ji masa mummunan rauni a 1916. Da ya dawo gida ya ƙarasa karatun lauya, ya zama kansila, ya zama magajin garin Guelph a 1925 yana ɗan shekara 30. Ya shiga majalisar dokokin lardi a 1939, ya zama firimiyan Ontariyo daga 1943 zuwa 1948. Abin da nake so mu tattauna shi ne: kakin ne ya kai shi waɗannan kujeru, ko kuwa wani abu dabam? Kuma halin barikin da ya taho da shi, taimakonsa ya yi ko cutar da shi?

Baba Manjo:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Kafin a kai ga siyasa, bari a fara fahimtar irin aikin sojan da ya yi, domin sojan igwa dabam yake da sojan ƙasa mai bindiga a kafaɗa.

Igwar da rundunarsu ta fi aiki da ita a wancan yaƙi ita ce wadda Turawan Ingila ke kira da nauyin harsashinta, wato mai laba 18. Faɗin bakinta milimita 84 ne, harsashin kuwa ya kai kilo 8 da ɗoriya. Dawaki shida ke jan ta, bibbiyu a jere, kowane biyu da mahayinsu. Akwai keken harsashi da ake ƙulla ta da shi, yana ɗaukar guda 24. Nisan da take kaiwa bai cika kilomita 6 ba, saboda sandar da ke tokare ta daga baya ba ta barin bakin ya ɗaga sama fiye da digiri 16.

Ƙaramin hafsa irin Drew, aikinsa lissafi ne. Galibi ma masu harbin ba sa ganin abin da suke harbi. Hafsa guda zai rarrafa gaba kusa da ramukan abokan gaba da tabarau mai hangen nesa da wayar tarho da aka ja a ƙasa. Shi zai ga inda harsashi ya faɗi, ya ce a ƙara yadi kaza, a karkata dama kaza. Harsashin da ke fashewa a sama, wanda ke ɗauke da ƙwallayen dalma kimanin 375, yana da ma'aunin lokaci a hancinsa da ake murɗawa da hannu. In an murɗa ya gaza, sai ya fashe a kan mutanenka. In ya zarce, sai ya nutse a laka bai yi komai ba.

Abubuwa biyu suka fi ba su wahala. Wayar tarhon kullum a tsinke take saboda ruwan wuta, sai an tura mutum ya bi ta da hannu ya ɗaura. Sannan sifirin ɗin da ke mayar da bakin igwa mazauninsa bayan ta yi tsalle baya, in an daɗe ana harbi yakan karye ko man cikinsa ya tsiyaye, sai sojoji su riƙa tura bakin da ƙarfinsu bayan kowane harbi. Wanda ya tashi a wannan aiki yakan saba da cewa kowace matsala tana da adadi, kuma umarni ɗaya ne, daga sama yake zuwa.

Ɗanjuma:
Allah ya ƙara sani Baba. To ai ke nan amsar ta fito. Mutum ya dawo da rauni, gari ya san shi, dole su ba shi kujera.

Baba Manjo:
A'a ɗana, kada ka yi sauri. Kanada ba ta wuce mutum miliyan 8 ba a lokacin, amma sama da 600,000 suka shiga soja, kimanin 60,000 ba su dawo ba. Kowace unguwa tana da mai rauni. Rauni kaɗai ba ya ba mutum kujera a garin da masu rauni suka yi yawa haka.

Kuma a lura, Drew ba sojan dindindin ba ne. Bayan yaƙi ya ci gaba ne a rundunar sa-kai ta garinsu, wadda ake atisaye da yamma da lokacin hutu, har ya kai laftanar-kanar. Daga nan ne sunan Kanar Drew ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Da rana lauya ne.

Barista Hadiza:
Na goyi bayan Baba Manjo. Yaya Ɗanjuma, ka duba gidan da ya fito. Mahaifinsa lauya ne a Guelph. Kakansa, wanda aka sa masa sunansa, ɗan majalisar tarayya ne tun majalisar farko ta 1867, daga baya ya zama alƙali. Shi kansa ya yi Jami'ar Toronto da makarantar lauyoyi ta Osgoode Hall, aka rantsar da shi lauya a 1920. Sai da ya yi shekaru uku yana kansila kafin ya hau kujerar magajin gari.

Ita kuma kujerar, kada sunan ya ruɗe mu. A ƙasar Hausa Magajin Gari sarauta ce da ake naɗawa da rawani. Can kuwa shugaban majalisar gari ne da ake zaɓa, kuma a zamanin Drew shekara-shekara ake sake zaɓen. Tsarin mulkin Kanada na 1867, a sashe na 92, ya danƙa al'amuran garuruwa gaba ɗaya a hannun larduna. Gari ba shi da wani iko sai wanda dokar lardi ta ba shi. Magajin gari ƙuri'a ɗaya yake da ita a majalisa, daidai da kowane kansila. Ba ya iya kashe ko kwabo sai majalisa ta amince. Sai a 2022 Ontariyo ta yi dokar da ta ƙara wa magadan Toronto da Otawa ƙarfi, aka faɗaɗa ta zuwa wasu garuruwa, har da Guelph, a 2023.

To ka ga mutumin da ya saba ya ce a harba a harba, ya zo inda sai ya lallashi kansiloli ɗaya bayan ɗaya kafin a shimfiɗa bututun ruwa.

Alhaji Isa:
Barista, a ƙara da yadda gari ke samun kuɗinsa, don zai yi mana amfani a gaba. Guelph na da mutum kusan 18,000 a lokacin, kuma kusan duk kuɗin shigarta daga harajin gidaje da filaye ne. Ga yadda ake yi. Mai ƙiyasi zai zagaya ya yi wa kowane gida kuɗi. A tara jimillar darajar gidajen gari. Majalisa ta tsayar da abin da take buƙata a shekara, ta haɗa da abin da hukumar makarantu ta nema, sai a raba buƙatar da jimillar daraja.

Misali kawai nake bayarwa: in gari na buƙatar dala 600,000, darajar gidajensa kuma dala miliyan 15, to kowace dala dubu ta daraja za ta biya dala 40. Mai gidan dala 3,000 zai biya 120 a shekara.

Inda abin ke ɓaci shi ne kuɗin makarantu. Hukumar makarantu ce ke yanke adadinsu, amma majalisar gari ce ke karɓar harajin, don haka magajin gari ke shan zagin. Sai kuma bashi. In za a yi titi ko magudanar ruwa, gari kan sayar da takardun lamuni na shekaru masu yawa. Da tattalin arziki ya karye bayan 1929, mutane suka kasa biyan haraji, bashin kuwa bai jira kowa ba. Garuruwa da dama a Ontariyo, ciki har da Windsor, suka kasa biya har lardi ya sa musu masu sa ido.

Malama Rabi:
Malam Habu, akwai giɓi a jerin da ka kawo. Daga 1925 zuwa 1939 shekara 14 ne. Wanda ya karanta zai ɗauka daga ofishin magajin gari ya wuce majalisa kai tsaye.

Malam Habu:
Gaskiyarki Malama. Bismillah, cike mana.

Malama Rabi:
A 1926 ya bar Guelph ya koma Toronto, aka ba shi muƙami a Babbar Kotun Ontariyo, irin jami'in shari'ar da ke sauraron ƙananan buƙatu da lissafin dukiya kafin a kai gaban alƙali. A 1931 ya zama shugaban farko na hukumar da ke sa ido kan cinikin hannun jari a lardin. Aiki ne mai zafi, domin a lokacin dillalai na sayar wa talakawa hannun jarin ma'adinan da babu su sai a takarda. Da jam'iyyar Liberal ta Mitchell Hepburn ta ci zaɓe a 1934, sai aka sallame shi.

A 1936 ya nemi shugabancin jam'iyyar Conservative ta lardin, Earl Rowe ya kayar da shi, sannan ya ba shi aikin tsara jam'iyya. Ba su daɗe ba suka ɓata. A watan Afrilu na 1937 ma'aikata kusan 4,000 na kamfanin General Motors da ke Oshawa suka shiga yajin aiki suna neman a amince da ƙungiyar ƙwadagonsu mai alaƙa da ta Amurka. Firimiya Hepburn ya ɗauki abin a matsayin shigowar kwaminisanci, har ya ɗebi 'yan sanda na musamman. Drew ya goyi bayan Hepburn, mutumin da ya kore shi daga aiki, Rowe kuwa ya ƙi. Drew ya ajiye muƙaminsa, ya tsaya takara a matsayin ɗan Conservative mai zaman kansa a mazaɓar da garinsu Guelph ke ciki, kuma ya faɗi.

Ku ji da kyau: garin da ya yi wa magajin gari bai kai shi majalisa ba. Sai da ya ci shugabancin jam'iyya a Disambar 1938, aka sama masa kujera ta zaɓen cike gurbi a mazaɓar Simcoe ta Gabas a farkon 1939.

Ɗanjuma:
To Malama, daga faɗuwa a 1937 zuwa shugabancin jam'iyya a 1938, me ya canza cikin shekara guda?

Baba Manjo:
Nan ne kakin ya yi masa rana, amma ta hanyar alƙalami. Dama ya daɗe yana rubutu a mujallar Maclean's kan yaƙi da makamai. A Satumbar 1938 ya fitar da wani dogon rubutu kan kwangilar Bren, wata bindiga mai sarrafa kanta. Gwamnatin tarayya ta ba kamfanin John Inglis na Toronto aikin ƙera guda 7,000 ga Kanada, Birtaniya kuma ta yi odar 5,000, ba tare da an buɗe gasar neman kwangila ba. Kamfanin bai taɓa ƙera bindiga ba. Tsarin biyan kuma shi ne gwamnati ta biya duk abin da aka kashe, sannan ta ɗora riba a kai. Aibin wannan tsari a fili yake: babu abin da zai sa ɗan kwangila ya tsuke hannu.

Aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a Henry Davis. Ba ta sami cin hanci ba, amma ta ba da shawarar a cire sayen makamai daga hannun ma'aikatar tsaro a ba wata hukuma ta dabam, aka kuma yi hakan a 1939. Don adalci a faɗa cewa kamfanin ya zo ya ƙera sama da 180,000 na wannan bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma sunan Drew ya riga ya shiga kowane gida.

Na biyu ya fi ciwo. A ƙarshen 1941 Kanada ta tura sojoji 1,975 zuwa Hong Kong, bataliya biyu. Wasunsu ba su gama samun horo ba. Motocinsu sama da 200 an loda su a wani jirgin ruwa dabam da bai taɓa isa ba, a Manila ya tsaya. Japan ta kai hari a Disamba, garin ya faɗi ranar 25 ga wata. Kimanin 290 suka mutu a fagen fama, sama da 260 kuma a sansanonin fursuna. Drew ya tsaya kai da fata cewa sakaci ne. Da Alƙalin Alƙalai Lyman Duff ya wanke gwamnati a rahotonsa na 1942, Drew ya soki rahoton a bainar jama'a, aka tuhume shi ƙarƙashin dokokin tsaro na lokacin yaƙi, daga baya aka janye tuhumar. A wannan magana ni ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Wanda ya san abin da ake nufi da a tura soja babu mota babu horo, ba zai iya yin shiru ba.

Barista Hadiza:
Sai zaɓen 4 ga Agusta, 1943. Tsarin nasu irin wanda Najeriya ta yi ne a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sardauna ke firimiyan Arewa: ba a zaɓen firimiya kai tsaye, kowa mazaɓarsa yake tsayawa, wanda majalisa ta amince da shi ya kafa gwamnati. Kujeru 90 ne. Jam'iyyar Drew ta sami 38, jam'iyyar CCF ta 'yan gurguzu ta sami 34, Liberal 15, 'yan kwaminis 2, sai ɗan Liberal mai zaman kansa guda. Rinjaye 46 ne, don haka ya gaza da takwas.

Gwamnati irin wannan tana rayuwa ne daga ƙuri'a zuwa ƙuri'a. Guda biyu ne ke kashe ta: ƙuri'ar jawabin buɗe majalisa da ta kasafin kuɗi. In ta faɗi a ɗayansu, ko dai firimiya ya sauka, ko ya nemi wakilin Sarki a lardin ya rusa majalisa a sake zaɓe. Drew ya riƙe ta har Maris na 1945, lokacin da 'yan adawa suka haɗa kai suka kayar da shi a ƙuri'ar jawabin. Suna zaton za a kira su su kafa gwamnati. Shi kuwa ya nemi a rusa, aka ba shi, ya dawo ranar 4 ga Yuni da kujeru 66, CCF ta sauko zuwa 8.

Alhaji Isa:
Ga inda maganar harajin nan ta dawo. Cikin alkawura 22 da ya yi yaƙin zaɓen 1943 da su, wanda ya fi jan hankali shi ne lardi zai ɗauki rabin kuɗin makarantu daga kan masu gidaje. Shi da kansa ya riƙe ma'aikatar ilimi tare da kujerar firimiya. A ganina wannan alkawari daga ofishin magajin gari ya fito, ba daga bariki ba. Sai wanda ya zauna ya ga yadda kuɗin makaranta ke cinye kasafin ƙaramin gari zai san nan ne takalmin ke matsa mutane. A 1944 kuma aka yi dokar da ta tsayar da aikin mako a awa 48 da hutun mako guda a shekara da albashi. Mutumin da ya yaƙi 'yan yajin Oshawa ke nan, amma da CCF na numfashi a ƙeyarsa da kujeru 34, dole ya miƙa wa ma'aikata wani abu.

Malama Rabi:
Alhaji, kada mu yi ta yabo mu manta ɗaya gefen. Gaskiya ne a 1944 gwamnatinsa ta yi dokar hana wariyar launin fata, amma alluna da sanarwa kaɗai ta hana. Mai gidan abinci zai cire allon da ke cewa ba a son Yahudawa ko baƙaƙen fata, ya ci gaba da korar su da baki. A garin Dresden da ke Ontariyo an ci gaba da hana baƙaƙe zama a gidajen abinci har bayan da gwamnatin Leslie Frost, wanda ya zama firimiya daga baya, ta yi wata dokar a 1954. Kuma 'yan majalisar nan biyu na kwaminis, musamman Joseph Salsberg, su suka matsa aka yi ta 1944 ɗin.

A shekarar ce kuma ya wajabta darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, rabin awa sau biyu a mako, a lardin da ke da Yahudawa da sauran marasa rinjaye. Sai a 1990 kotu ta soke wannan tsari. A 1947 da ya shirya ɗauko baƙi da jirgin sama don cike gurbin ma'aikata, dubban mutanen da aka kwaso daga Birtaniya suke, saboda irin mutanen da yake so su cika lardin ke nan.

Mafi muni shi ne maganarsa kan lardin Kwibek. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1942 kan tilasta shiga soja, sama da kashi 70 cikin ɗari na mutanen Kwibek masu jin Faransanci sun ce a'a. Drew bai yafe musu ba. Da gwamnatin tarayya ta kawo kuɗin tallafin yara a 1944, dala 5 zuwa 8 ga kowane yaro a wata, sai ya hau rediyo yana nuna cewa za a kwashi kuɗin Ontariyo a ba lardin da ya ƙi ɗaukar nasa kason na yaƙi. Tsohon soja ne ke magana a nan, kuma baki shi ke yanka wuya.

Ɗanjuma:
Na ga ana ambaton wata badaƙalar 'yan sandan asiri a zaɓen 1945. Gaskiya ce ko ƙazafin siyasa?

Barista Hadiza:
Ranar 24 ga Mayu, 1945, saura kwana 11 zaɓe, shugaban CCF Ted Jolliffe ya hau rediyo ya zargi Drew da riƙe wani ofishin leƙen asiri a cikin 'yan sandan lardi da ke tattara bayanai kan 'yan adawa da 'yan ƙwadago, har ya kamanta shi da Gestapo, 'yan sandan asirin Hitler. Drew ya musanta, ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a LeBel, amma ba ta fara zama ba sai bayan zaɓe. Hukumar ta tabbatar akwai ofishin, akwai kuma jami'in da ke rubuta rahotannin, amma ta ce ba a kawo hujjar da ta ɗaure Drew da shi ba. Bayan shekaru masu yawa aka ci karo da wasu wasiƙu a ma'ajiyar tarihi waɗanda suka sa masana da dama ke ganin bai faɗa wa hukumar duk abin da ya sani ba.

Kuskuren Jolliffe na dabara ne. Makonni kaɗan da buɗe sansanonin 'yan Nazi, duniya na kallon hotunan gawarwaki, ka kira mutumin da ya zubar da jininsa a yaƙi da Jamus shugaban Gestapo? Jama'a suka ga abin ya wuce gona da iri, zargin ya koma kan mai shi.

Injiniya Lawal:
Ku ba ni dama in yi bayanin aikin da ya kira zaɓen 1948 a kansa, don mutane na wuce shi da sauri alhali shi ne ya fi taɓa gidajen jama'a.

Wutar lantarkin gida kai-da-komo take yi. A Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi a daƙiƙa, a Amurka 60. Tashoshin farko da aka gina a magangarar ruwan Nayagara tun kafin 1900 zagaye 25 suke bayarwa, saboda ya dace da manyan injinan masana'antu na lokacin. Sai kudancin Ontariyo, har da Toronto, ya zama tsibirin 25 a tsakiyar nahiyar da ta koma 60.

Illarsa uku ce. Ƙwan lantarki yana ƙyaftawa har ido na gani. Tiransifoma da moto na buƙatar ƙarfe da waya fiye da kima, ga girma ga tsada. Sannan ba ka iya haɗa layinka kai tsaye da na maƙwabta, duk kayan wutar da za a sayar a yankin kuma sai an ƙera su na musamman.

Matsalar sauyawa ita ce gudun moto ya dogara da zagayen wuta. Lissafin shi ne ka ninka zagaye da 120, ka raba da yawan kawunan maganaɗisun moton. Moto mai kai huɗu yana juyi kusan 750 a minti a kan 25, a kan 60 kuwa 1,800. Ninki biyu da digo huɗu ke nan. Agogon bango mai aiki da wuta zai cinye awa 24 cikin awa 10. Injin wanki zai yi gudun da bai dace da shi ba, firji kuma ba zai yi aiki daidai ba. Abin da ba ruwansa shi ne kayan zafi zalla, irin dutsen guga da rishon lantarki da ƙwan fitila.

Don haka sai da aka bi gida-gida. Ma'aikatan hukumar lantarki za su fara zuwa su rubuta duk abin da ke da moto, da sunan kamfaninsa da lambarsa. A yi odar kayan. A sa wa unguwa rana. Ranar, a yanke tsohuwar wuta, a canza moto ko a sake naɗa masa waya, a canza fuli da bel inda ya kama, a musanya agogo da fanka, sannan a saki sabuwar wuta. Inda aka fi samun cikas shi ne kayan da mai gida ya saya bayan an gama rubutu bai sanar ba, da tsofaffin injinan da kamfaninsu ya mutu. An fara a 1949, ba a gama ba sai 1959, an taɓa miliyoyin kayan wuta. Ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wannan aiki na mai lissafi ne da ya yarda a sha wahala sau ɗaya a huta, kuma ina ganin hannun hafsan igwa a cikinsa.

Malam Habu:
Madalla Injiniya. Amma zaɓen da ya kira a kan wuta, giya ce ta yanke masa hukunci.

Malama Rabi:
Haka ne Malam. Gwamnatinsa ta sassauta dokar barasa, aka buɗe mashayu masu sayar da giya mai ƙarfi a manyan birane daga 1947. Mazaɓarsa tun 1943 ita ce High Park a yammacin Toronto, kuma a cikinta akwai unguwar da ta haramta sayar da giya tun 1904. CCF ta tsayar da William Temple, shi ma tsohon soja, wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga yaƙi da barasa. Ranar 7 ga Yuni, 1948 jam'iyyar Drew ta ci kujeru 53, shi kuwa Temple ya kayar da shi a mazaɓarsa.

Ɗanjuma:
Barista, a irin wannan hali me doka ta ce? Ya sauka nan take?

Barista Hadiza:
Babu dokar da ta tilasta masa sauka ranar. Al'ada ce ta ce firimiya ya sami kujera cikin lokaci mai ma'ana. Hanyar da aka saba ita ce wani ɗan jam'iyya mai amintacciyar mazaɓa ya yi murabus, a yi zaɓen cike gurbi, shugaba ya shiga. Drew bai bi ta ba. Ya ci gaba da riƙon kujerar har Oktoba, ya ci shugabancin jam'iyyar ta ƙasa a farkon watan inda ya kayar da John Diefenbaker, ya miƙa lardin ga Thomas Kennedy, ya shiga majalisar tarayya ta mazaɓar Carleton a Disamba.

A can ne maganar Malama Rabi ta cim masa. A zaɓen 1949 ya sami kujeru 41 kacal a duk ƙasar, biyu daga cikin 73 na Kwibek. A 1953 ya sami 51, huɗu daga Kwibek. Duka biyun Firaminista Louis St. Laurent na jam'iyyar Liberal ne ya kayar da shi, ɗan Kwibek. 'Yan Liberal ba su sha wata wahala ba, tsofaffin kalamansa suka riƙa tuna wa mutane. Ciwon sanƙarau ya kama shi, jikinsa bai koma daidai ba, ya sauka a 1956. Shekara guda bayan nan Diefenbaker, wanda ya gaje shi a shugabancin jam'iyya, ya ci zaɓe, ya tura shi Landan a matsayin jakada daga 1957 zuwa 1964.

Baba Manjo:
Kafin a ɗora wa kaki laifin taurin kansa duka, a duba waɗanda suka gaje shi. Kennedy tsohon sojan Yaƙin Farko ne. Leslie Frost, wanda ya karɓa a 1949, shi ma hafsa ne a yaƙin, an ji masa mummunan rauni a 1918. Amma Frost mutum ne mai sanyin baki, mai zama da manoma da 'yan adawa a yi hira, ya sasanta da gwamnatin tarayya inda Drew ya yi ta rigima da ita kan rabon haraji. Ya yi shekara 12 a kujerar, bai taɓa faɗuwa zaɓe a matsayin firimiya ba. Yaƙi ɗaya suka yi, hali ya bambanta. Abin da zan yarda da shi shi ne soja ya ba Drew ido na gane kwangilar banza da shirin banza, ya kuma sa shi auna amincin mutane da ma'auni guda: wa ya je yaƙi, wa ya ƙi. Na farkon ya amfani ƙasarsa. Na biyun ya hana shi mulkinta.

Alhaji Isa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa shekaru huɗun nan na majalisar garin Guelph an raina su a tarihinsa. Dokar tsara birane ta 1946 da dokar hukumomin kula da koguna ta wannan shekarar, duk a zamaninsa aka yi su, kuma dukansu kan garuruwa suka ginu. A ta biyun, garuruwan da ke shan kogi ɗaya ne za su taru su nemi a kafa musu hukuma, su raba kuɗin aikin da lardi. Ba lardi ke ɗora musu ita daga sama ba. Jam'iyyar da ya ɗora a 1943 kuma ba ta sauka daga mulkin Ontariyo ba sai 1985, shekara 42.

Malam Habu:
Don cike tarihin: bayan ya dawo daga Landan ya zama uban Jami'ar Guelph na farko daga 1965 zuwa 1971. Ya rasu a Toronto ranar 4 ga Janairu, 1973, aka kai shi Guelph aka binne. Alhaji, dokar kogunan nan da ka ambata tana buƙatar zaure nata, musamman yadda ake raba kuɗin tsakanin garin da ke sama da wanda ambaliya ke ci a ƙasa. In ka shirya, ka buɗe mana ita gobe in Allah ya kai mu.

Alhaji Isa:
In sha Allahu. Zan fara da kogin Grand, tunda ruwan Guelph a cikinsa yake zuba.